Katangar Gonar Gaspare

Rosalba ce ta tsinci mahaifinta, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Talata, lokacin da ta kai masa burodi da zaitun gona. Tsoho Gaspare na kwance a gefen 'yar hanyar da ta ratsa baƙaƙen duwatsu a saman teku, ƙugu a karye, jini ya bushe a bayan kunnensa. Yana numfashi, amma ba ya magana. Kafin jirgi mai saukar ungulu ya ɗaga da shi zuwa asibitin Palermo, mutanen ƙauyen Rekhale sun riga sun gama shari'a. Ƙasa cike take da sawun tayar babur mai ƙafa huɗu, kuma mutum ɗaya ke da irin waɗannan babura a wannan ɓangaren tsibirin Pantelleria.

Ninfa kenan. Shekara uku tana jan ayarin baƙi 'yan yawon buɗe ido a bakin gaɓa, ita a gaba, su shida a baya, suna tayar da ƙura suna ihu. Manoma sun tsani abin kamar me. Ƙurar na kwanciya a kan inabi, ƙarar na firgita awaki, kuma a makon da ya wuce Gaspare da kansa ya tare ta a hanya ya rantse sai ya gicciya sarƙa ya toshe hanyar.

Sufeto Randazzo baƙo ne daga ƙetaren teku, watansa huɗu a tsibirin, har yanzu iska na ɗauke masa hula. Ya aika a kira Titta Errera, mafaraucin zomo mai shekara saba'in ba ɗaya, wanda ake nema duk lokacin da akuya ko Bajamushe ya ɓace a cikin duwatsu. Titta ya iso ya tarar da mutum ashirin suna zagaye wurin suna tattake masa shaida.

"Yallaɓai, ka kira ni in karanta takarda bayan tumaki sun yi rawa a kanta," in ji shi. "Kora min su."

Wanda ya fi kowa ɗaga murya a taron ƙanin Titta ne, Nardu. Shi ya bi gida-gida a shekarar da ta wuce yana tara sa hannu don a hana baburan, yana jan ƙafarsa ta dama wadda gwiwarta ta sandare tun faɗuwar da ya yi daga rufin ɗaki.

"Me za ka karanta, Yaya? Ko makaho ya san ita ce. Sai da na faɗa, na faɗa, aka mai da ni mahaukaci!"

"Na ji ka, Nardu. Matsa baya."

Sufeto ya ja Titta gefe ya rage murya. Jirgin ruwa zai tashi gobe Laraba da yamma. In ba a samo wani ba, da Ninfa zai tafi, a miƙa ta ga alƙali a Trapani. In kuwa tsohon ya cika, magana ta zama ta kisa da gudu, shekaru ne masu yawa. Titta ya san Ninfa tun tana rarrafe, ya kuma san uwarta kwance take ba mai duba ta sai ita.

*

Titta ya fara daga ƙasan hanya, inda ƙafar jama'a ba ta kai ba. Ayarin ya wuce da sassafe, wannan ba tantama, don raɓa ta riƙe gefen sawun ya fito tsaf. Amma a kansu akwai wani sawu guda, wanda ya zo bayan rana ta shanye raɓar, bakinsa a zube. Tayar baya ta hagu ta cinye, da faci a jikinta mai barin tabo duk juyi ɗaya. Babur ɗaya ne, ya gangaro daga sama, da nauyi a bayansa, kuma mai tuƙin bai iya ba. Yana taka birki inda gwani zai saki, yana saki inda ya kamata ya taka.

Titta ya tafi gidan Ninfa. Ya same ta zaune a kan dakali, ɗan sanda tsaye a ƙofa, idanunta sun kumbura.

"Baba Titta, kai ma ka zo kallon mai kisan kai?"

"Na zo shan ruwa, in akwai. Ƙarfe nawa kika wuce gonar Gaspare?"

"Takwas. Yana tsaye lafiyarsa ƙalau, har ya ɗaga min sanda ya zagi kakana."

"Daga nan fa?"

"Na kai su bakin ruwan zafi su yi wanka. Na bar su can da Saro bakanikena, na dawo na yi wa Inna allurarta. Minti arba'in, bai fi ba."

"Wa ya gan ki?"

"Inna." Ta yi wata dariya mara daɗi. "Je ka tambaye ta. Za ta ce maka ni ƙanwarta ce da ta mutu tun kafin a haife ni."

Ya tambaye ta wane babur ke da faci a tayar baya. Ta ce tsohon ne, wanda ta daina hawa tun bara, yana cikin rumfa a bayan gida, makulli a jikinsa kamar na kowa. Titta ya je ya duba. Ƙarfen gaba ya lotsa, sabon kwarzane na sheƙi, kuma a kan mazaunin kaya akwai ɗanƙon ruwan 'ya'yan inabi da ƙudaje ke bi. Bai ji daɗin abin da ya gani ba ko kaɗan. Rumfar taku goma ce daga ɗakin uwar, inda Ninfa ta ce ta zo ita kaɗai.

*

Sufeto ya sa ransa a kan ɗaya daga cikin baƙin, wani ɗan Milano mai sayar da tayil, wanda aka ce ya tsaya a baya lokacin da ayarin ke wucewa. Mutumin ya yi tsuru-tsuru, yana ta goge zufa, yana ambaton lauyansa. Da aka matsa masa ya amsa cewa ya tsaya, amma cikinsa ne ya juya, ya shiga bayan dutse. Titta ya je bayan dutsen ya dawo.

"Gaskiya ya faɗa, Yallaɓai. Kada ka ce in kawo maka shaidar."

Saura Saro, bakaniken Ninfa, mai bin ƙarshen ayari, mutum mai shekara hamsin da jan hanci. Bayan hannunsa duk ƙujewa ne. Ya ce injin ne ya ci shi, baƙin kuwa shida suka tabbatar bai bar bakin ruwan ba, yana kwance a inuwa yana minshari.

"Amma tunda ka tambaya, Baba Titta, akwai abin da ke damuna," in ji Saro. "Man tsohon babur ɗin nan raguwa yake yi. Sati uku kenan. Na zaci Ninfa ke hawa, ita kuma ta zaci ni nake zuƙewa in sayar in sha giya. Har gaba muka yi."

"Kai kake zuƙewa?"

"Haba Baba! Da ni ne ai da ban bar rabi ba."

Sati uku. Titta ya juya maganar a ransa. Sati uku kenan da fara yankan inabi.

*

Da la'asar ya koma wurin shi kaɗai. Iskar kudu da ta taso tun safe tana nan tana kaɗawa, mai zafi, mai gishiri. Ya durƙusa ya bi sawun mai faci da ido daga kwanar da ya kufce. Tayoyin sun ja ƙasa, sun bugi mutum a nan, sun zarce, sun nufi katangar duwatsun da ta kare inabin Gaspare daga iska. A gindin katangar sawun ya ƙare.

Katangar kuwa tana tsaye daram, ko dutse ɗaya bai faɗo ba.

Nan Titta ya daɗe. Babur da ya lotsa ƙarfensa haka ba zai bar katangar da ba ta da siminti a tsaye ba. Ya matso ya shafa. Dutsen da ya shekara ɗari rana na dukansa fari-fari yake yi a fuska, cikinsa ne baƙi ƙirin. A nan, faɗin hannu biyu a miƙe, fari da baƙi sun cakuɗe. Katangar ta rushe, wani ya sake gina ta yau ɗin nan, kuma ginin gwani ne. A bayanta kurangar inabi bakwai na kwance a ramukan da aka dasa su, 'ya'yan sun nuna, iska ba ta taɓa su ba.

Baƙo ba zai yi wannan ba. Ninfa ma ba za ta iya ba, ubanta masunci ne. Ya leƙa ƙarƙashin dogon dutsen da ya ratsa katangar daga fuska zuwa fuska. Jar tsakuwa ce aka toshe shi da ita. Ya leƙa na gaba, ita ce. Duk magina a tsibirin da baƙar tsakuwa suke toshiya, wadda ke ƙarƙashin ƙafarsu. Mahaifin su Titta ne kaɗai ya ce ja ta fi cizo, ya riƙa tura su nemo ta suna yara, yana ƙwala musu mari in sun kawo baƙa. Mutum biyu suka rage a duniya masu gini haka, kuma ɗayan shi ne ke tsugune yana kallo.

Ya duba ƙasa a gindin ginin, yana roƙon Allah kada ya ga abin da yake nema. Ramin gwiwa ɗaya ne, na hagu. A gefensa dogon layi, inda aka miƙar da ƙafar da ba ta lanƙwasuwa.

*

Ya tarar da Nardu a farfajiyar gidansa yana juya inabin da ya shanya don zabibi. Shanyar ta yi yawa. Rabinta daga gonarsa ta can saman tudu ta fito, wadda hanyarta ko jaki sai ya huta sau biyu.

"Bana ka yi ƙoƙari," in ji Titta. "Wa ya sauko maka da na sama?"

"Sannu a hankali na yi ta ɗauko su."

"Da wannan gwiwar?"

"Da ta kakanka." Nardu bai ɗago ba. "Zauna mana, Yaya, ka tsaya min a ka kamar mai karɓar haraji."

Titta ya zauna. Ya kalli yatsun ƙaninsa, farcen ya farfashe, jar ƙura a ƙarƙashinsa. Shi ya goya yaron nan zuwa makaranta, shi ya tsamo shi daga teku yana ɗan shekara shida.

"Gobe za su tafi da yarinyar nan, Nardu. Uwarta ba ta da kowa."

"Da ta tuna da haka kafin ta cika mana hanya da shaiɗanun injuna."

"In da abin da mutum ya sani, gara ya je da ƙafarsa. Alƙali na sassauta wa wanda ya kai kansa."

"To ka je ka gaya wa wanda ya sani. Za ka ci taliya ko tafiya za ka yi?"

Titta ya tashi ya tafi. A hanya ya yi ta neman wata mafita bai samu ba. In ya yi shiru, ba wanda zai taɓa lura da katangar, Sufeto ma da ya jingina da ita da safe bai ga komai ba. In ya faɗa da baki, za a ce tsoho ya ruɗe, ko kuwa tsohuwar rigimar gado ce tsakaninsa da ƙaninsa ta motsa, domin garin duka na bayan Nardu.

Washegari da safe labari ya zo daga Palermo. Gaspare ya cika. Likita ya gaya wa Rosalba jini ne ya taru a kansa sannu a hankali, da an kawo shi da wuri da wataƙila an yi wani abu.

*

Ƙarfe uku, saura awa biyu jirgi ya tashi, Sufeto ya tara su a bakin katangar kamar yadda Titta ya roƙa. Ninfa da ɗan sanda riƙe da 'yar jakarta, Saro, ɗan Milano, Rosalba cikin baƙaƙen kaya, da manoma wajen goma sha biyar, Nardu a gabansu.

Titta bai yi wani jawabi ba. Ya je can gefen katangar, inda ginin yake tsoho, ya sa ƙafa ya tura. Duwatsu suka zubo, iska ta kutsa ta giɓin ta fara wujijjiga ganyen inabi. Manoman suka yi wata ƙara kamar an taka musu yatsa.

"Ka haukace ne, Titta? Gonar mamaci!"

"Yallaɓai, ina so kowane cikin mutum ukun nan ya gwada mai da ita."

Ɗan Milano ya ɗora uku, biyu suka faɗo masa a takalmi. Ninfa ta ɗaga ɗaya ta juya shi ta juya, ta ajiye, ta ce ita ba ta san kansa daga gindinsa ba. Sai Saro ya tsuguna ya kama aiki bilhaƙƙi, yana ɗora ƙarami a ƙasa babba a sama, yana jera gaɓa a kan gaɓa. Manoman suka fara tsaki. Wani ya ce ko kaza ta jingina da wannan sai ta rushe. Iskar na ƙara ƙarfi, wani nonon inabi ya tsinke ya gangara cikin ƙura.

Titta bai kalli Saro ba. Ƙaninsa yake kallo. Nardu ya cije leɓe, ya juya baya, ya sake juyowa. Yatsunsa na motsi su kaɗai.

"Ba haka ba ne, jaki! Dogon ne a ƙasa!"

"To zo ka yi mana, malamin gini," in ji Saro.

"Kauce!"

Ya ture shi, ya zube a kan gwiwar hagu, ya miƙar da ƙafar dama gefe. Hannayensa suka shiga aiki ba tare da shawara da shi ba. Dutse na zuwa hannunsa ya juya sau ɗaya ya zauna kamar can aka halicce shi. Ya kwantar da dogon, ya lalubi ƙasa, ya watsar da baƙar tsakuwa biyu, ya miƙa can nesa ya ɗauko ja ya cusa.

Titta ya kama hannun rigar Sufeto ya nuna masa jar tsakuwar. Ya ja shi taku biyar zuwa sabon ginin jiya ya nuna masa 'yan'uwanta, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya nuna ramin gwiwa da dogon layin da ke ƙasa. Sufeto bai gane nan take ba, amma manoman sun gane, don kowannensu ya san hannun maƙwabcinsa a katanga kamar yadda ya san muryarsa. Wurin ya yi tsit, sai iska.

Shirun ne ya sa Nardu ya ɗago. Ya ga inda kowa ke kallo. Dutsen da ke hannunsa ya tsaya a sama.

"Yaya," ya ce a hankali. "Don ni ka rushe ta."

"Don kai."

Ya sunkuyar da kai. Da ya fara magana, da katangar yake yi. Gwiwar ce ta ƙi hawa tudu bana, inabin sama na ruɓewa yana kallo. Ya san lokacin da Ninfa ke fita, ya san makulli na jiki. Wa zai roƙa, shi da ya tara sa hannu ɗari biyu? Jiya ya gangaro da akwati huɗu, abin ya ƙwace masa a kwana, Gaspare ya fito daga bayan katanga.

"Na taɓa shi, na kira sunansa, bai motsa ba. Na rantse da kabarin uwarmu na zaci ya mutu. Na tsaya ban san me zan yi ba. Sai na ga iska ta shiga gonarsa. Mamaci ba abin da zan iya yi masa. Amma inabinsa, saura kwana uku ya yanka."

"Minti nawa ka yi kana ginin, Kawu Nardu?" Rosalba ce. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta juya ga Titta.

"Kamar arba'in," in ji Titta.

Ta gyaɗa kai, ta juya ta kama hanyar gida, ba wanda ya yi ƙarfin halin bin ta. Sufeto ya karɓi jakar daga hannun ɗan sanda ya miƙa wa Ninfa. Ta rungume ta a ƙirji tana kuka ba sauti, manoman kuwa kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Nardu ya roƙi a bar shi ya ƙarasa, Sufeto ya duba agogo ya ƙyale shi. Da ya ɗora na ƙarshe ya yi yunƙurin tashi ya kasa. Titta ya sa hannu a hammatarsa ya ɗaga shi, sai Nardu ya riƙe masa wuyan riga ya matso da bakinsa kusa da kunnensa.

"Kai kake karanta ƙasa, Yaya. Gaya min gaskiya. Ya farka ina wurin? Ya gan ni na ba shi baya ina gini?"

Shekara hamsin Titta na bin sawu, bai taɓa ƙara wa ƙasa magana ko ya rage mata ba.

"Bai farka ba," ya ce. "Bai san komai ba."

Nardu ya saki numfashi, ya sake shi, ya ja ƙafarsa zuwa mota.

Sai da kowa ya watse Titta ya je inda Gaspare ya kwanta, ya ɗaga wani faffaɗan dutse da ya kifa a wurin tun jiya. A ƙarƙashinsa layi huɗu ne na yatsun tsohon, an ja su a ƙura an miƙa wajen katanga, an sake ja, an sake ja. A kan na ƙarshen akwai dunduniyar takalmin Nardu, inda ya taka lokacin da zai tafi. Titta ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa tafin ƙafarsa ya shafe.